Shekarar da Maɗin Babana Ya Juya

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramar bazawara ce. Mijina ya rasu ban kai ga haihuwa ba, na gama takaba na koma gidan ubana a wani ƙauye kusa da Nahuce, ƙasar Bunguɗu. Jirgin ƙasa bai iso Gusau ba tukuna, sai dai muna ji a bakin fatake cewa Nasara na shimfiɗo masa hanya daga Zariya. Yau na tsufa, idanuna sun dushe, boko kuma ban yi ba, wata 'yar gidanmu ce ke rubuta mini. Ba zan kama sunan kowa ba, domin mutanen duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuma suna nan da rai.

Gidanmu gidan maɗi ne tun kakan babana. Na san yaran da suka tashi da sukari ba su san shi ba. Ruwan takanda ne ake dafawa har ya yi kauri kamar zuma, a zuba a tulu a toshe baki, mai so ya ɗebi kaɗan ya dama da ruwa ya sha, ko ya zuba a fura. Masu yin sa suna da yawa a wancan zamani, amma namu daban yake, kuma Baba bai taɓa cewa gwanintarsa ce ba. Kullum cewa yake gonar ce. Wata 'yar siririyar gona ce a kan tudu bisa gulbi, jar ƙasa mai yashi-yashi wadda ruwa ba ya kwana a kanta. Takandarta gajera ce, siririya, ba ta da kyan gani, amma in ka tauna sai zaƙin ya kama maka muƙamuƙi, bayansa kuma wani ƙamshi ya biyo kamar na gyaɗa da aka soya a yashi. Ba a zuba wa gonar komai sai tokar murhunmu da kashin shanun wani gidan Fulani da ke sauka a kanta duk kaka. Yayana shi ke yanka da ɓare kara, ni da Inna da ƙanwata mu daka mu tace a kwando, Baba kuma ya tsaya kan wuta. Da na dawo gida ya lura harshena na rarrabe ɗanɗano, sai ya riƙa miƙo mini ludayi kafin ya sauke tukunya. Wannan ne ya fara cire mini kewar mijina.

Wata damina aka yi ruwa kamar ba za a daina ba. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya bar hanyarsa ya bi ta gindin tudunmu. Da ruwa ya janye muka je muka tarar ya yanke rabin gonar ya tafi da ita, rabin da ya rage kuma farin yashi ya binne shi. Baba ya haƙa da fartanya har rami ya kai masa ƙugu bai taɓa jar ƙasa ba. Kawuna, yayan Inna, ya zo mana jaje daga wani ƙauye a ƙasar Tsafe, ya ce yana da fili a gindin dutse da ba mai nomawa, mu zo mu zauna kusa da shi. Baba bai so ba. Ya ce a ba shi shekara biyu ya gwada kwashe yashin. Amma rumbu ya yi ƙasa, Inna tana son kusa da danginta, yayana ya gaji, ni ma ƙauyen ya ishe ni saboda ko'ina na juya sai na tuna mamaci. Muka taru a kansa har ya sakko. Muka ɗora manyan tukwane a kan jakai, Baba ya rungumi damin irin takanda da ke rataye a rumbu, bai yarda kowa ya ɗaukar masa ba har muka isa.

Filin Kawu baƙar laka ce mai riƙe ruwa, duk abin da ya gangaro daga dutse a cikinta yake zama. Kawu ya faɗa a fakaice cewa su dai dawa suka sani a irin wannan wuri, amma Baba ya shuka irinsa. Abin da ya fito ya ba kowa mamaki. Takandar ta zarce tsawon mutum nesa, kaurinta ya kusa wuyan hannuna, mutane na tahowa daga wasu ƙauyuka don su gani. Na ga haƙoran Baba a waje, abin da rabona da gani tun kafin ambaliya. Ranar da aka fara yanka na karya gaɓa ɗaya na tauna. Ruwa ya cika mini baki har yana zuba, amma zaƙin yana can nesa, ƙamshin nan kuwa babu shi sam. Na daɗe ina juya maganar a raina, sannan na sami Baba yana gyara murhu na durƙusa.

Na ce, "Baba, wagga takanda ba tamu ba ce."

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Irinmu ne, hannuna ya shuka shi. Mi ya rage?"

Na ce masa ƙasar ce ta rage. Ya karɓi guntun da ke hannuna ya tauna, sannan ya ce harshena begen gida yake yi, wuta za ta gyara sauran. Ban ƙara magana ba, domin a lokacinmu ɗiya ba ta maimaita wa ubanta magana.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga Gusau. Wani attajiri da ya daɗe yana shan maɗinmu zai yi walimar ɗansa da ya sauke Alƙur'ani, ya ce ba ya son maɗin kowa sai na Baba, ko ina ya koma a nemo shi. Baba ya ɗauki saƙon nan kamar an mayar masa da gonarsa. Muka yi daka har tafin hannuna ya fashe. A wajen dahuwa ne aka samu matsala. Baba da ido yake gane maɗi ya nuna, in ya yi ja mai duhu sai ya sauke, kuma a tsohuwar gona launi da kauri tare suke zuwa. Ruwan wannan takanda kuwa da wuri ya yi duhu alhali bai yi kauri ba. Da ya miƙo mini ludayi na ce a ƙara masa wuta sosai. Yayana ya ce in aka ci gaba da dafawa ruwan zai ƙone ya koma rabi, mu je wa mutum da rabin abin da ya nema, ga itace ya ƙare. Baba ya ƙara wuta kaɗan don ya faranta mini, ya sauke. Muka zuba a tuluna muka liƙe bakinsu da laka. Sai kuma aka aiko cewa an ɗaga walimar, ana jiran wani babban malami da ke kan hanya. Tulunan suka yi ta zama a ɗakin da rana ke duka.

Da ranar ta zo na bi su Gusau don in taya matan gidan damawa. A hanya ina tafe kusa da jaki na ji tulu ɗaya yana huci a hankali, na ga kumfa ta tsattsafo ta gefen lakar. Na nuna wa yayana, ya ce girgizar jaki ce da zafin rana. Ban taɓa ganin giya ba a rayuwata, ban san warinta ba, ban san haka take farawa ba. Na dai san maɗinmu bai taɓa yin huci ba.

Gidan ya cika maƙil. Muka fasa tulunan a cikin gida muka dama a manyan ƙore. Wani wari mai tsami-tsami ya bugi hancina, na gaya wa uwargidan, ta ɗanɗana ta ce ai daɗi ma ya ƙara, ga baƙi na jira. Aka fita da shi zaure. Samari ne suka fara sha, abokan mai sauka, shi ma aka cika masa ƙwarya aka sake cikawa saboda ranarsa ce. Bayan la'asar, ana shirin addu'a, sai muka ji wata irin dariya daga waje wadda ba ta dace da wurin ba, sannan hayaniya. Na leƙa ta bakin ƙofa. Wani saurayi na amai a jikin bango, mai saukar kuma an ce ya tashi ya karanta wa baƙi abin da ya sawwaƙa, ya miƙe yana tangaɗi, harshensa ya ƙi ɗaukar ayar. Malamin nan da aka jira ya sa aka miƙo masa ƙwarya, ya shinshina, ya ajiye ta nesa da shi, ya nemi tsari da Allah, ya ce wannan giya ce.

Aka kira Baba tsakiyar mutane. Mai gidan bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi zagi da ya fi sauƙi. Ya dubi Baba ya ce, "Malam, ɗana ya sauke Alƙur'ani da safe, da la'asar ka shayar da shi giya. Mi na yi maka?"

Baba ya sa yatsa a ƙwaryar ya taɓa a harshensa, ya tofar. Ya ce, "Gaskiya ne, ta zama." Ni na manta da kunya na fito cikin maza ina kuka, ina cewa ƙasa ce, gonarmu ruwa ya ci, wannan takandar ruwa ne da ita. Wa zai saurari zancen ƙasa a irin wannan wuri? Wata tsohuwa ta ja ni ciki. Albarkacin tsohuwar hulɗa mai gidan bai kai mu gaban alƙali ba. Ya sa aka kwashe tulunan aka kai bayan gari aka farfasa, ya ce kada ƙafarmu ta sake taka ƙofarsa.

Labari ya riga mu isa gida, kuma kafin ya isa ya canza kama. Aka ce dama sana'armu ke nan, ba ambaliya ce ta taso mu daga Nahuce ba, koro mu aka yi. Mu baƙi ne a wurin, ba wanda ya san kakanninmu balle ya tsaya mana, Kawu kaɗai ne, shi ma aka fara yi masa kallon banza. Wanda ke neman ƙanwata ya daina zuwa, iyayensa suka aiko a yi haƙuri. Mata suka daina aron turminmu. Limamin ƙauyen, Allah Ya jiƙansa, ya zo har gida ya gaya wa Baba cewa ba shi da zunubi tunda bai yi da niyya ba. Baba ya ce ya sani, amma hakan ba zai fitar da abin daga cikin yaron ba. Sauran takandar da ke gona ya sa aka kora wa shanu. Wata safiya na fito na tarar ya kwance sauran damin irin nan yana murje shi yana watsa wa kaji. Inna ta tsaya ta dafe ƙirji, ba ta iya hana shi ba. Iri ne da ya fito daga hannun kakansa, kafin hantsi kaji sun tsince shi tas.

Daga nan ya daina fita sai masallaci, can ma a sahun baya. Abinci ya riƙa dawowa yadda aka kai masa. Da damina ta kama zazzaɓi ya kwantar da shi, ba wani mai tsanani ba, irin wanda a da zai yi kwana biyu ya miƙe. Ina ba shi kunu wata rana ya riƙe hannuna ya ce, "Kin hwaɗa min, ɗiyata." Na ce masa ya bar wannan zance. Bai sake tayar da shi ba, bai kuma ga kaka ba.

A shekarar da ta biyo yayana ya shuka dawa a filin, ta yi kyan da sai da muka gina sabon rumbu. Na yi aure a ƙauyen, na haifi 'ya'yana, duk da dawar wannan baƙar lakar na raine su. Na daɗe ina jin haushin gonar kafin na gane ba ta cuce mu ba. Tana da abin da take bayarwa, mu ne muka nemi wani abu daban a wurinta. Ƙanwata sai can wani gari mai nisa ta samu miji, inda labarin bai kai ba, kuma ba mu sake zama wuri ɗaya ba har ta rasu.

Abin da ya sa na ba da labarin nan shi ne ina ganin mutane suna barin gonakin iyayensu da sauƙi, suna cewa sana'a a hannu take, duk inda aka je za a yi. Ku ji daga bakin wadda ta gani. Iri yana ɗaukuwa, tukunya tana hawa jaki, amma rabin gwanintar manomi tana cikin ƙasar da ya saba da ita, kuma bai san haka ba sai ya rabu da ita. Wanda dole ta sa ya yi ƙaura, ya tambayi mutanen wurin abin da ƙasarsu ke so, ya gwada kaɗan kafin ya ɗora mutuncinsa a kai. In tsohonku ya roƙi a ba shi lokaci, ku ba shi, kada ku taru a kansa don kun fi shi yawa. Ku kuma masu ɗaukar labari daga wannan gari zuwa wancan, ku ji tsoron Allah, domin tsami ɗaya da tulu ya yi ba shi ne ya kashe babana ba.

Ni ce ta ƙarshe a zuriyarmu da ta iya maɗi. Jikokina sun sha roƙona in koya musu, nakan ce na manta. Ban manta ba. Ku taya ni yi wa Baba addu'a, yana can kwance a gindin dutse, cikin ƙasar da bai so zuwa ba.