Jiragen Yaya Isa da Tambayar Buba

Shekara takwas ke nan da muka kai yayana Isa makwancinsa a nan Lafia. Malamin zane ne a sakandare, amma duk wanda ya taɓa shiga gidansa a Azuba, da jiragen yaƙi yake tuna shi: 'yan ƙanana, ba su fi tsawon kamu ɗaya ba, waɗanda yake harhaɗawa da hannunsa.

A kwali suke zuwa daga Legas, gutsi-gutsin roba manne da juna. Sai ya yanke kowanne da reza, ya goge bakinsa da samfefa, ya ɗiga gam da tsinken sakace. Fenti ya fi ba shi wahala. Zafin Lafia kan busar da shi tun yana kan buroshi, in damina ta zo kuma ya yi ta danƙo ya ƙi bushewa. Na taɓa ganin ya kankare fiffike guda don ruwan tokar bai fito yadda yake so ba. Tun yana yaro burinsa tuƙin jirgi, raunin idonsa na hagu ya sa ba a ɗauke shi ba. Bai taɓa yi mana ƙorafi a kai ba.

Yana da aboki, Buba, makiyayi daga wajen Obi, wanda ke kiwata masa 'yan shanunsa. In Buba ya shigo gari, sai ya zauna bakin teburin yana kallo yana dariya.

"Malam, abin nan ba ya nono, ba ya haihuwa. Me kake samu?"

"Kai ma ai kana zama kallon shanunka ko ba tatsa za ka yi ba," in ji Yaya. "Kuma na gaskensu ne ke sa ni da kai mu kwana lafiya."

Har zuciyarsa Yaya ya yarda da hakan.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru, wani jirgi ya saki wuta a kan makiyaya da suka taru a mashaya. An ce 'yan bindiga aka zata. Haruna, babban ɗan Buba, magidanci mai 'ya'ya, yana cikin waɗanda aka binne ranar. Har yau ba wanda ya je rugar su Buba ya yi wa iyalin bayani.

Tun lokacin nake tambayar kaina: da Yaya yana raye, me zai ce? Ina tuna shi ya sunkuya yana ja wa 'yan bama-baman ƙarƙashin fiffike siririn layi rawaya, yana riƙe numfashi don kada hannunsa ya goce. Zai iya ci gaba? Na kuma san akwai ƙauyukan da aka ƙone, waɗanda mutanensu suka yi ta addu'ar jirgi ya zo, bai zo ba. Ina jin Yaya zai ambace su. Ban san ko hakan zai ishe shi ba.

Bana Buba ya zo gaida matar Yaya. Ya tsufa ƙwarai. Ya roƙa a buɗe masa kabad ɗin gilashin da jiragen suke ciki. Ya daɗe yana bin su da ido, bai taɓa ko ɗaya ba.

"Ƙanin Malam, wanne ne irin wanda ya zo mana?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban sani ba.

Ya gyaɗa kai. "Da yana nan da ya faɗa mini. Shi ba ya ɓoye mini magana."

Jiragen kam sun fara koɗewa, gam ya saki ƙafafun wasu. Ba za su daɗe ba. Abin da na ga ya saura na Yaya shi ne wannan: mutumin da jirgi ya kashe wa ɗa, da ya rasa mai gaya masa gaskiya a duk ƙasar nan, gidan masoyin jirage ya nufa, kuma ya tarar babu shi.

Allah ya jiƙan Yaya Isa, ya jiƙan Haruna, ya ba Buba haƙuri.