Rijiyar da Na Hana a Gyara

Ni dai ban wuce aji uku ba, amma Allah ya yi mini baki, kuma bakin nan ne ya sa ƙauyenmu da ke gefen Buji ya yi damina guda ba rijiya.

A shekarun da aka fara shari'a ne, ina dakon kaya a Dutse. Wani maƙwabcina a Takur, ɗan jarida, yana rubuta labarai a intanet, abin da a lokacin sai an je shago ake gani. Na ba shi labarin bakin rijiyarmu ya fara zaftarewa. Ya bi ni har gida, ya ɗauki hoto, ya saka. Da ya karanto mini abin da mutane suka rubuta a ƙasan labarin, har daga Makka, sai na ji kaina ya kumbura.

To mu a al'adarmu, in rijiya ta lalace, mai shela ne ke zaga gari da yamma, da safe maza su fito gayya, mata su dama kunu, a gyara. An riga an sa rana. Ni kuwa na je ƙofar mai gari na tsuguna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada a taɓa ta. In manya suka zo suka tarar an gyara, za su ce ƙarya muka yi. Duniya fa ta gani."

Ya ce, "Kai, ka tabbata?"

Na rantse. Aka fasa gayya.

Na koma Dutse, kullum sai in leƙa shagon intanet in tambaya. Masu jaje suna ƙaruwa, ba motar da ta shigo garinmu. Ruwan sama ya sauka, rijiya ta rufta gaba ɗaya. Mata suka koma ɗiban ruwan kududdufi, yara suka yi ta gudawa, har da jikata. Ta tashi da ƙyar. Ba duka ne suka tashi ba.

Da kaka muka haƙa sabuwa. Ni na fi kowa shiga rami, ba wanda ya ce mini sannu. Muna hutawa, mai shelar nan, tsoho ne, ya miƙo mini ruwa a moɗa.

Ya ce, "Ɗana, ni duk wanda ya ji muryata, a rijiyar nan yake sha. Naka masu jin, a ina suke sha?"