Fangalin Abuja a gonar Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, manomin albasa a Aliero, wanda har ya koma ga Allah bai yarda an zaɓar wa ƙasar nan wurin da ya dace da babban birninta ba.

Ina yaro rediyo ya fara maganar ɗauke hedikwata daga Ikko. Ƙasar ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, kowa da ra'ayinsa, amma na Baba ya fi na kowa zafi. Yakan ce, "Mi ag ga wani daji wanda babu Jega? Ga gulbi, ga kasuwa." Wata rana ya ce Maiyama, saboda fili. Har sunaye ya tanada: Mahaɗa, ko Gidan Kowa.

Da aka tsayar da Abuja sai ya ɗaukaka ƙara zuwa gona. Duk shekara in an yi dashe, yakan raɗa wa fangali huɗu suna: Jega, Aliero, Maiyama, Abuja. Wanda ya fi albasa shi ne hedikwatar bana. Sai dai na Abuja kullum a ƙarshen hanyar ruwa yake, inda ruwa ke isa a gajiye. Bai taɓa ci ba, mu kuwa mun san maguɗin, dariya kawai muke yi.

Sai ga aiki ya kai ni Abujar. Ranar da zan tafi ya ce, "In da nan anka aje ta, da ba ka tahi ba." Na ɗauka tsohon barkwancin ne. Zuwana gida ya koma daga Sallah sai Sallah, daga baya har Sallar ta riƙa wucewa. Ina jiran a ba ni hutu Baba ya cika, na tarar an kai shi makwancinsa.

Da zai ga yadda jami'ar Aliero ta bunƙasa yau, na san zai ce mahukunta sun fara ganewa. Abin da zai ce game da jikokinsa da ba su san fangali ba ne nake jin kunyar tunawa.

Bayan sadakar uku ƙanena ya kai ni gonar. Ashe tun shekarar da na tafi Baba ya dawo da fangalin Abuja bakin rijiya, ya ce, "Ɗana na can, a hwara ba ta ruwa."

Gadon da na samu ke nan, kuma ina kewar Baba ƙwarai. Ƙanena bai matsar da fangalin ba, har bana shi ake fara shayarwa.