Tsamiyar Iya a Ƙasan Ruwa

Abin da yayana ya karanta a jami'a ya daɗe yana ba 'yan unguwarmu dariya: ilimin halittun teku. Mu ba mu taɓa ganin teku ba. Ruwan da muka sani shi ne dam ɗin Tiga, inda Baba yake kamun karfasa da tarwaɗa. Abokan Baba sukan ce masa ya tura ɗa har kudu koyon kifi, alhali ga kifi a bakin ƙofa.

Ni ba na sa baki. Idan Yaya ya zo hutu, nakan zauna a bayansa ina tsince shinkafa, kunnena na wurinsa. Yakan ce wanda ya gama karatun zai iya koyarwa, ko aiki a gonar kifi, ko duba lafiyar ruwa a inda ake haƙar mai. Shi burinsa jirgin bincike.

Wani hutu ya nuna mana hotonsa a waya. Yana can cikin ruwa garau, da tukunyar iska a bayansa, ƙananan kifaye na kewaye da shi. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ta karɓi wayar ta kai ta dab da idonta.

"Maigida, kai ne wannan kamar kwaɗo?"

"Ni ne, amarya. Kishi kike da kifayen?"

"Allah ya sawwaƙe. Har ƙasa kake gani?"

"Har yashi."

Can ta ce idan ya gama, tana da aike. A tsohon garinsu, wanda ruwa ya cinye lokacin da aka yi dam, akwai tsamiya a bayan ɗakinta. Ya sauka ya dubo mata ko tana nan tsaye. Yaya ya yi dariya ya ce an gama.

Ina taya Umma wanke-wanke ta gaya mini abin da ke gindin tsamiyar. Kabarin ɗan farin Iya ne, wan Baba, ya rasu yana goye. Saboda kunyar ɗan fari Iya ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ko hanyar bayan ɗakin ta daina bi. Ranar da aka kwashe su, surukanta na tsaye, ta hau mota ba ta waiwaya ba.

Daga nan duk wayar da Yaya ya bugo, sai Iya ta tambaye shi saura yaushe ya gama.

Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya kuma samu aikin jirgin da yake so. Ya zo sallama da ƙaramar jaka, babu tukunyar iska. Ya ma manta da aiken Iya. Iya kuwa tun da safe ta yi wanka, ta ɗaura sabon zaninta, ta sa kwalli.

Yaya ya yi ta bayani. Kayan nutso na makaranta ne. Ruwanmu ba irin na can ba ne. A ƙasa akwai kututture da tsofaffin taru da ke riƙe ƙafa.

"Au, haka mazan yanzu suke? Alkawari a baki?" in ji Iya. Tana murmushi, amma na ga yatsunta suna murɗa bakin mayafi.

Dole Yaya ya yarda a je. Baba ne ya tura kwale-kwalensa. Aka sa ni in riƙe Iya. Ta riƙa duban duwatsun da ke nesa tana cewa a yi dama, a ƙara gaba, a'a, a dawo baya. Baba bai yi mata musu ba. Daga ƙarshe ta ce nan ne, muryarta ba ƙarfi.

Yaya ya tuɓe riga, ya yi bismillah, ya faɗa. Ya fito, ya ja numfashi, ya koma. Da ya sake fitowa idanunsa sun yi ja, hannunsa a dunƙule. Ya kama gefen kwale-kwalen yana haki.

"Me ka gani?"

Na so ya yi mata ƙarya. A raina har roƙonsa nake yi. Amma ya sha gaya mini cewa abin da aka fara koya musu shi ne kada mutum ya ce ya ga abin da bai gani ba.

"Duhu ne, Iya. Ko tafin hannuna ban gani ba. Wannan kawai na taɓo."

Ya zuba mata laka a hannu. Ta murza ta, ta sansana.

"Wannan baƙa ce. Ƙasarmu ja ce."

Yaya ya ce kowace damina kogi yana kwaso laka daga wajen Doguwa ya jibge a nan, ta jima da binne komai. Yana cikin bayanin Baba ya taɓa kafaɗarsa, sai Yaya ya katse maganar.

Iya ta sa hannu a ruwa ta wanke shi, har ƙarƙashin farce. Sannan ta faɗi wani suna a hankali, sunan namiji da ban taɓa ji a gidanmu ba. Baba ya sunkuyar da kai. Ni na yi kamar ina kallon filafili.

"Mu koma," ta ce.

Washegari muka raka Yaya bakin titi, inda zai hau motar Kwanar Dangora. Iya ta fito har can, da tsohon zaninta. Yaya ya durƙusa yana neman ya sa ta dariya.

"Amarya, ba za ki bi ni ba?"

Ta dafa kansa. Ba ta ce masa maigida ba.

"Ka yafe mini, na sa ka shiga inda ba a gani. Allah ya tsare ka a kan ruwa."

Motar ta tashi yana rufe fuska da hannun riga. A hanyar komawa gida Iya ta jingina da ni, tana da nauyi fiye da yadda na san ta, kuma sau da yawa sai mun tsaya ta huta.