Man Gyaɗar Inna a Cikin Motar Baba

Ranar wata Laraba bayan ƙaramar Sallah, ina 'yar shekara takwas, Baba ya shigo gidanmu da ke Mandawari da wata garwa a hannu, ya dire ta a gindin dirimin tsakar gida. Lokacin bai daɗe da sayen tsohuwar lori a wurin wani Bature mai kanti ba, don kwaso gyaɗa daga ƙauye. Lungunmu ba ya ɗaukar mota, saboda haka a bakin Ƙofar Mazugal take kwana, yara na zagaye ta kamar an kawo kura. Ni da yayata Falmata muka bar carabken da muke yi, muka zo kallo. Yana buɗe garwar wani wari ya buge mu, kamar ruɓaɓɓen ƙwai a cikin kwatami. Abin ciki baƙi ƙirin, mai kauri, yana bin sanda kamar maɗi. Baba ya ce man giya ne, wato giyar mota, ana ɗura shi a wata tukunyar ƙarfe da ke tsakanin ƙafafun motar na baya. Inna ta toshe hanci da gefen zane, ni kuwa na ruga bayan rumbu na yi amai.

Da la'asar Baffa Shettima, wan Baba, ya zo. Shi ke koya mana allo a zaure, kuma ba a ja da maganarsa. Ya sunsuna garwar, ya tofar, ya ce ya ji a kasuwa da kitsen alade Nasara suke haɗa shi. "Motar da ta sha najasa, ita za ta ɗauko abin da Musulmi za su ci?" Direban da Baba ya ɗauka ma, wanda bai daɗe da koyon tuƙi ba, ya ce mai ai mai ne. Aka kai garwar kududdufi aka tuttule, aka ce Inna ta ba da na gida.

Inna kuwa sana'arta ke nan, ƙuli-ƙuli. Kullum bayan mun dawo daga allo, mu ke ɓarar gyaɗa, mu sheƙe, ita ta soya a babban kasko, Falmata ta durƙusa kan dutsen niƙa tana waƙa, ni ina satar tunkuza ina cusawa a baki. Man Inna garai-garai yake, ƙanshinsa har zaure. Tana cewa, "Abin da ya gyara ciki ba ya ɓata hanya." Da alfahari ta cika tulu aka kai wa motar, har maƙwabta suna cewa ta gidanmu ce kaɗai mota mai alwala.

Motar ta yi 'yan makonni tana tafiya, tana ɗiga mai duk inda ta tsaya, ana ƙara mata. Sai aka yi suna a danginmu na ƙauye, Baba ya ce a kai mu a mota. Muka hau baya, kan buhunan banza, Falmata ta zauna a baki tana lilo da ƙafa, da sabon lalle. Ita ce gwanar gaɗa a lungunmu, tana ta shirin nuna wa 'yan ƙauye rawar birni. Da muka yi nisa, ƙarƙashinmu ya fara kuka, sannan wani ƙauri ya taso, irin na kaskon da aka manta a kan wuta. Har Inna ta yi dariya ta ce motar na toya mana ƙosai. Ba ta rufe baki ba ƙafafun baya suka ƙage. Motar ta ja gefe, ta kife a kwari.

Na tashi da ƙasa a baki. Falmata tana kwance, katakon motar ya danne mata ƙafafu biyu, tukunyar ƙarfen nan ta tsage, wani baƙin abu mai danƙo yana tsiyaya yana hayaƙi kusa da kanta. Ƙanshin ɗakin Inna ne, amma ya ƙone, ya gauraya da jini. Mai ɗori ya yi iya yinsa. Falmata ba ta sake miƙewa da ƙafafunta ba.

Abin da har yau yake tayar mini da zuciya shi ne jajen. Aka cika zaure ana cewa ƙaddara, wasu na cewa aljanun hanya, Baffa yana gyaɗa kai yana jan carbi. Ba wanda ya ambaci garwar da aka zubar. Sai da na shiga makarantar 'yan mata na ji cewa man nan daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, babu ruwansa da alade.

Yanzu motoci sun yi yawa, har a Ƙofar Wambai ana sayar da man giya, ba mai toshe hanci. Duk motar da zan shiga sai na sunkuya na sunsuna. In na ji warin nan, sai hankalina ya kwanta. Falmata ita ta gaji kaskon Inna, tana soya a zaune. In na je sai ta miƙo mini ƙuli-ƙuli mai zafi ta ce, "Yagana, ci mana, irin na Inna ne." Ina karɓa, in ƙulle a bakin zane. Ina son in ci, wallahi, amma har yau ban iya kai shi baki ba.