Cittar Wana da Bencin Horo

Ni ban shiga makaranta ba, ko ta yini ɗaya. Littafi Mai Tsarki ma da kunne na karanta shi. Amma abin da ya same ni a ƙauyenmu na bayan Fadan Kaje, shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa, yana nan a kaina daram, kuma yadda ya faru haka zan faɗe shi.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tafi soja yana mai bi, wato Kirista, ya dawo ba ya addu'a. Bai koma wa dodon kakanninmu ba, bai musulunta ba. Da ɗaya daga ciki ya yi, da mutane sun san inda za su ajiye shi. Shi cewa ya yi babu kowa a sama. Ya ce ya yi kira a inda ya kamata a amsa, ba a amsa ba. Daga nan bai ƙara ba, ni ma ban tona ba.

To, a wurinmu akwai al'ada ranar gayya. Idan maza suka jeru da garma, wanda ya riga kowa kai kunyarsa ƙarshen gona, shi ke sa wa kunu albarka kafin a sha. Girmamawa ce. Wata rana ana gayya a gonar babban dattijon ikilisiyarmu, sai wana ya riga kowa, don hannunsa akwai ƙarfi. Muka sauke tukwanen kunu, maza suka cire huluna, dattijo ya ce, “Soja, yi mana addu'a.”

Wana ya share gumi ya ce, “Baba, a ba wani. Zan jira ku gama.”

“Kai ka ci gaba, kai za ka yi.”

“Baba, ba zan yi magana da wanda na san ba ya nan ba, don kawai in sha kunu.”

Dattijo ya yi addu'ar da kansa, gajera. Wana ya tsaya da hularsa a hannu har aka ce amin, bai ce ba.

Ran Lahadi aka yi sanarwa a majami'a: kada mai bi ya sake taka gonarsa, har sai ya tuba.

Ku da ba ku san citta ba, ku ji. Idan aka dasa ta, dole a rufe kunyoyin da ciyawa da ganye nan da nan, in ba haka ba rana ta dafa irin a cikin ƙasa. Aikin mata ne, mu ke yankowa, mu ɗauko a ka, mu shimfiɗa. Wana ba shi da mata a lokacin, kuma duk irin da yake da shi ya riga ya binne. Kwana biyu ina wucewa ina ganin gonar tsirara, rana tana dukanta, shi kaɗai yana kai da kawo da dami ɗaya. A na uku na ɗauki lauje da gammo.

Da ya hango ni ya ce, “Uwar coci, kin yi ɓatan hanya ne? Koma, kada su cinye ki.”

Na ce, “Matsa mini, Yaya. Kuma ka sani, ni ba na fara aiki sai na yi addu'a, ko a gonar wa.”

“Yi abinki. Ki gaya masa ya aiko hadari, in yana ji.”

Na durƙusa a bakin kunya na yi, da ƙarfi, da yarenmu, har na sa sunansa a ciki. Bai yi dariya ba. Ya ajiye daminsa, ya jira na tashi. Kwana huɗu muka yi, muka rufe gonar kaf.

Dattawa suka kira ni ɗakin shawara. Babban dattijo ya ce, “'Yata, kin ji sanarwa?”

Na ce, “Na ji, Baba.”

“Me ya kai ki?”

“Citta za ta ƙone.”

“Mutumin ya yi saɓo a gaban jama'a.”

“Ya yi, kuma ya yi mini zafi fiye da yadda ya yi muku, don ni da shi nono ɗaya muka sha. Amma ku karanta mini inda aka ce a bar shi da yunwa. Ni ba na karatu, ku kuna yi. Ku karanta, in ji.”

Ba wanda ya buɗe littafi. Aka sa ni a horo. Horo shi ne a tashe ka daga wurin zamanka a kai ka bencin baya, kusa da ƙofa. Ba cin jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake zagayawa da ita a faranti, ba ɗaura zanen zumuntar mata, ba ɗaga waƙa. Ni kuwa ni ke ɗaga waƙa tun ina amarya. Suka ce ranar da na miƙe a gaban ikilisiya na ce na yi zunubi, ranar zan koma wurina. Maigidana, da ke aikin reluwe a Kafanchan, ya zo ƙarshen wata ya ce, “Kalma ɗaya ce fa, ki faɗa ki huta.” Na ce kalmar ba gaskiya ba ce.

Kada wani ya ce bai yi ciwo ba. Ranar jibin Ubangiji faranti ya zagaya, ya zo dab da ni, ya juya. Matan da muka yi goyo tare suna kallon ƙasa. Amma ban fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Kafin a buga ƙararrawa ta biyu ina kan bencin, kaina a ɗage.

Damina ta yi nisa, sai ga wana da safe ina tankaɗe, ya sa riga mai tsabta. Ya ce, “Ran Lahadi zan zo cocinku. Zan fita gaba in ce na tuba. Su ji daɗi, ke ki koma wurinki.”

Na ajiye rariya. “Ka gaskata?”

“A'a.”

“To, za ka shiga ɗakin Allah ka yi ƙarya?”

“A wurina ɗaki ne kawai, da kwano a kansa. Ba abin da zai rage ni.”

“Ni zai rage ni. Ka ƙi yin ƙarya a kan kunu, za ka yi ta a kaina? In ka tako ƙofar nan da wannan niyya, ni zan miƙe in tona ka a gaban kowa.”

Ya ce, “Ke kin fi dattawanku taurin kai.” Ya tafi, ran Lahadi bai zo ba.

Aka haƙe citta, aka yi Kirsimeti, ina baya. Wata damina ta kama, na sake rufe masa gona da rana tsaka, kowa yana gani. Sai wata Asabar babban dattijo ya yi sallama a ƙofar gidana, shi kaɗai, da sandarsa. Na ba shi kujera da ruwa. Ya yi ta zagaye-zagaye, lafiyar yara, tsadar gishiri, sannan ya ce, “Gobe jibin Ubangiji ne. Ki zauna a wurinki.”

Na ce, “Baba, ban ce na yi zunubi ba fa.”

“Na sani.”

“Kuma baɗi zan sake zuwa gonar.”

Ya buga sandarsa a ƙasa. “Na ce na sani! Ki zo da zanenki. Waƙa ta lalace, kowa da inda yake ja.”

Washegari na ɗaura zanen zumunta, na bi ta tsakiyar majami'a a hankali, ban sunkuyar da kai ba, na zauna a benci na biyu. Da faranti ya iso, na miƙa hannu na ɗauka.