Katifar Maman Dorothy

Phebe Othniel 'yar Biu ce, amma a unguwar Galtimari kowa Maman Dorothy yake kiranta. Aure ya kawo ta Maiduguri, ta yi shekara goma sha biyu tana ɗinki a ƙofar gida. Da mijinta ya rasu, ɗinkin ya kasa riƙe gidan, sai wata da suke coci ɗaya ta samo mata aikin shara a wani kamfanin katifa da ke bayan gari.

Aikin ba wuya. Inji yana yanka manyan soso, gefe-gefen su zube ƙasa, ita ta tattara ta cusa a buhu. Duk ranar Asabar sai a kwashe buhunan a kai bayan katanga a cinna musu wuta. Hayaƙin baƙi ƙirin, mai warin ƙonanniyar taya, in ya shiga maƙogwaro sai ya kwana biyu bai fita ba. Amma ba hayaƙin ne ya fi damun Phebe ba. Ita tela ce, ko ƙyalle mai faɗin tafin hannu ba ta yar da shi. Ganin sabon soso fari fat yana cin wuta shi ne yake ci mata rai.

Wata Asabar ta tari Malam Ba'ana, shugaban ma'aikata, yana shirin sa a kwashe buhunan.

"Malam Ba'ana, don Allah in ɗauki ɗaya in tafi da shi gida?"

"Shara za ki kai gida, Maman Dorothy? Ɗauki goma ma."

Ɗaya ta ɗauka. Ta yi ta yayyanka soson da almakashi har yatsunta suka yi kanta, ta haɗa ragowar yadin katifa da shi ma ake zubarwa, ta ɗinka filo biyu. Ranar Litinin ta miƙa wa Ba'ana. Ya matsa nan, ya matsa can, ya fashe da dariya.

"Wannan ai buhun dankali kika kawo mini!"

Abin ya yi mata zafi, amma da ta matsa da kanta ta ga gaskiyarsa. Wani gutsure babba, wani ƙarami, filon duk gudaji-gudaji. Sai ta nufi Madu, makanikin kamfanin, ta roƙe shi ya duba wani tsohon injin niƙa da aka yasar a sito. Madu ya cire haƙoransa ya ɗaura wuƙaƙe. Gwajin farko soson ya shaƙe injin, na biyu kuma zafi ya narkar da shi. Sai a mako na uku ya fara zubowa ƙanana daidai wa daida, kamar gugguru. Phebe ta cika hannu biyu da shi ta watsa sama tana guɗa.

Mai kamfanin, Alhaji Sa'id, ya ba ta wani lungu a sito da keken ɗinki ɗaya, ba don ya ɗauki abin da muhimmanci ba. Ta riƙa yin filo da kushin na kujerar keke napep, abin da ake ƙonawa ya ragu da rabi.

Sai ambaliyar 2024 ta zo. Ruwa ya shanye rabin gari, har Kasuwar Kwastam. Da ya janye, katifun mutane sun tafi, waɗanda suka rage kuma wari ya hana a kusance su. Kowa yana neman abin kwanciya, ga shi sinadarin yin sabon soso ya ƙare, motar da za ta kawo wani ba ta iso ba. Wata safiya sai ga Alhaji da kansa a lungunta.

"Maman Dorothy, wannan gutsuren naki zai yi katifa?"

"Zai yi, Alhaji, in ka ba ni mata goma da kekunan ɗinki."

"Ba zai taru gefe ɗaya ba in an kwanta?"

"A'a. Gida-gida zan ɗinka cikin, kowane gida da nasa."

Ya dubi Ba'ana, ya ce a ba ta duk abin da ta nema. Ta ɗebo mata goma daga unguwannin Galtimari da Mairi, yawancinsu su ma ruwan ya raba su da kayansu. Cikin mako shida suka fitar da katifa sama da ɗari takwas. Gutsuren kamfanin ya ƙare ƙaf, har sai da aka riƙa bin shagunan masu yin kujeru da mota ana karɓo nasu.

Yanzu sashenta yana da ɗakinsa da ma'aikata goma sha tara. A watan jiya Alhaji ya sa aka kira ta taron shugabannin sassa. Ta shiga da tef ɗinta na awo a wuya, ta zauna, ta saurari kowa har ya gama. Da aka zo kanta sai ta gyara zama.

"Alhaji, gangunan sinadarin nan da ake jibgewa bayan ofis, da ledar da ake naɗo yadi da ita, wa yake da su?"

Alhaji ya yi murmushi, ya jawo takarda ya ce ta faɗi abin da take bukata.